A Daina Tura Malamai Ƙauye da Baki a Ɗaure

Duk shekara makarantun horon malamai na ƙasar nan suna yaye samari da ƴan mata, a miƙa musu takardar aiki, a ce wannan Geskeru, wannan Shetimari, wancan Kablewa. Sun iya rubuta fish ɗin darasi, sun iya tsara allo, sun san minti nawa ake ba lissafi da minti nawa ake ba karatu. Abin da ba a sa su gwada ba ko sau ɗaya shi ne abin da zai fara tarar su a ƙofar aji, wato magana da babban mutum wanda ransa ya ɓaci. Ni malami ne a makarantar horon malamai, kuma a ganina wannan giɓi sakaci ne babba, wanda yaran talakawa ke biyan kuɗinsa.

Ku dubi irin maganganun da ke jiran sabon malami a kwarin Komadugu. Uba ya zo da sassafe ya ce ƴarsa da ke aji biyar ba za ta ƙara zuwa ba, an riga an karɓi goron aurenta. Tattasai ya nuna a bakin kogi, rabin yaran aji sun koma tsinka da shanya, iyaye kuma ba su ga aibun haka ba tunda da kuɗin tattasan ake sayen gero. Wata uwa ta faɗo aji ba sallama don an mari ɗanta, wani uban kuma yana faɗa don ba a dukan nasa. Shugaban kwamitin makaranta, COGES, ya ƙi fito da lissafin kuɗin da aka tara don gyaran ajin zana. Direkta ya turo wa sabon malami takarda ya sa hannu a madadin wani da ya yi wata bai leƙo aiki ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana iya raba malami da gari cikin minti biyar.

Irin wannan ana samunsa a Maraɗi da Tawa. Difa kuwa tana da nata ƙarin. Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015 da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi, rayuwar makaranta ba ta koma yadda take ba. A watan Mayun wannan shekara aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Chadi. A Yunin 2016 Boso ta watse, jama'a suka zube a gefen kwalta da sansanoni irin na Sayam Foraj. An sace mata da yara a Ngalewa a 2017, an ƙona Tumur a Disambar 2020. Ajin da malami zai shiga yau ya haɗa ɗan gari da ɗan gudun hijira daga Najeriya, da marayan da bai cika magana ba, da ɗan wanda ya tuba ya fito daga cibiyar Gudumariya. To ranar da wani uba ya zo ya ce ɗansa ba zai zauna benci ɗaya da ɗan wane ba, me yaro ɗan shekara 22 zai ce masa? A wurin da kalma ɗaya ke iya sa a kira mutum ɗan rahoto, magana zarar bunu ce ta gaske. Amma mun sallame shi da littafin ilimin halayyar yara da aka yi masa shifta, mun ce Allah ya ba da sa'a.

Abin da ya sa na tayar da maganar yanzu shi ne yadda malamai ke ta muhawara a kan wata dabara da jami'o'in Amurka ke amfani da ita. A Jami'ar Tsakiyar Fulorida, tun tsakiyar shekarun 2000, wasu malamai da suka haɗa da Lisa Dieker da Charles Hughes suka ƙera wani aji na kwamfuta mai suna TeachLivE. Ɗalibi mai koyon malanta zai tsaya gaban babban allon talabijin, a ciki akwai ƴan tsana biyar masu siffar yara, kowane da sunansa da halinsa: Sean mai surutu, Maria mai shiru, da sauransu. Yana magana suna ba shi amsa, suna katse shi, suna masa taurin kai. Daga baya kamfanin Mursion ya karɓi fasahar ya mai da ita kasuwanci, aka ƙara ƴan tsana manya: uban da ya zo a fusace, shugaban aiki, abokin aikin da za a faɗa wa laifinsa. Yau ana horar da malamai da ma'aikatan jinya da shugabannin ma'aikatu da ita, su gwada maganar da ke da nauyi tun kafin su yi ta da mutum na gaske.

Da labarin ya iso mana sai muka kasu biyu, kuma da ɓangarorin biyu nake faɗa.

Na farko su ne masu dariya. Suna cewa wasan yara ne, magana baiwa ce, wanda bai iya ba zama da mutane zai koya masa. Haka muka koya, in ji su. Ina tambayar su: a kan wa aka koya? Matuƙin jirgin sama yana shafe awoyi cikin akwatin gwaji, irin wanda Edwin Link ya ƙera tun 1929, kafin a ba shi ran mutum ko ɗaya. A 1963 wani likita a Kalifoniya, Howard Barrows, ya fara horar da lafiyayyun mutane su kwaikwayi marasa lafiya don ɗaliban likitanci su gwada tambaya da gwaji a kansu, kuma yau makarantun likitanci da yawa a duniya haka suke yi. Mu ma a nan gida, ɗan kokowa ba ya shiga filin takobi bai yi atisaye da abokansa ba, gardi ba ya zuwa musabaƙa bai yi ta maimaita tilawa a gaban malaminsa ba. Malamin makaranta kaɗai ne muka yarda ya yi gwajinsa na farko a kan yarinyar da za a cire daga aji. In ya kwafsa, shi zai ƙaru da wayo, ita kuwa ta tafi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, kowa ya san wannan, amma da an zo kan horon malami sai a manta.

Na biyu su ne waɗanda ƙyallin allon ya ɗauke wa ido. Su kuma cewa suke a rubuta wa masu ba da tallafi, a kawo mana na'urar, Difa ma ta shiga zamani. Waɗannan sun fi ba ni tsoro, domin maganarsu ta fi daɗin ji a taro, kuma ita ce ke hana a fara komai. Da zarar an ce ana jiran kayan aiki, to an sami hujjar zama shekara biyar ba a motsa ba.

Su fara sanin abin da ke bayan allon. A tsarin TeachLivE da na Mursion na asali, ƴan tsanan nan ba su da ƙwaƙwalwa. Mutum ne, ɗan wasan kwaikwayo da aka horar, yake zaune a wani ɗaki yana kallon ɗalibin ta kyamara, yana sauya murya, yana motsa yaran biyar shi kaɗai. Wato duk wannan fasaha riga ce aka sa wa ɗan wasa. Sannan su dubi binciken da Julie Cohen da Vivian Wong da abokan aikinsu na Jami'ar Bajiniya suka wallafa a 2020. Sun sa ɗalibai gwada tsawata wa ƴan tsana masu hayaniya. Bayan gwajin farko, wasu aka bar su su yi nazarin kansu, wasu kuma aka haɗa su da mai horarwa na ƴan mintoci, sannan kowa ya sake gwadawa. Waɗanda aka yi wa gyara su ne suka ci gaba sosai. Allo ɗaya, ƴan tsana ɗaya, bambancin yana wurin mutumin da ya ce wa ɗalibi ga inda ka karkace, sake. Ɗan wasa da mai gyara kuwa, wa ya ce sai an yi odar su daga Fulorida?

Sai batun wutar lantarki da intanet. Tsarin yana son layi mai ƙarfi wanda ba ya yankewa tsawon zaman, mu kuwa da muke fiye da kilomita 1,300 daga Yamai mun san yadda kuran ke yi mana a watan Afrilu. Mun kuma ga ɗakunan kwamfuta da ayyukan tallafi suka bari a makarantu, da wa'adin aikin ya ƙare sai ƙura ta gaje su. Amma ko da an ba mu wuta da layi kyauta, babbar matsalar tana nan. Uban da zai zo wurin malami a Geskeru da Barbarci zai yi magana, ko Hausa, ko Fulatanci, wani da Larabcin Shuwa, wani da Tubanci. Zai yi gaisuwa mai tsawo, kuma wanda ya gajarta masa ita ya riga ya faɗi. Ba zai kalli malami cikin ido ba, kuma hakan ba tsoro ba ne. In ya ce "to, mun ji," sau da yawa ma'anarta a'a. In ya yi shiru yana wasa da carbi, wataƙila a lokacin ne ya fara saukowa, kuma malamin da ya cika shirun da surutu ya ɓata aikinsa. Akwai maganar da ba a yi da uba kai tsaye sai an bi ta wurin bulama ko liman, akwai wadda kakar yarinya ce ke yanke ta. Ƴar tsanar da aka koya wa cewa a kalli mutum cikin ido a faɗa masa abin da ke rai, za ta horar mana da malamai marasa kunya ne, ta ba su maki mai kyau a kai.

Za a ce ai yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira, ba sai da ɗan wasa ba. Gaskiya ne kamfanoni sun fara sa ta a bayan ƴan tsanan. Sai dai ita daga rubutun da ke intanet take koyo, mafi yawansa Turanci. Hausarta ma tana tuntuɓe, balle Barbarcin Mobar na bakin kogi da ba a cika rubutawa ba. Ga kuma tambayar da ba wanda ke son yi: in ɗalibanmu suka zauna suna gwada maganar tubabbu da masu kai rahoto da sunayen ƙauyuka a gaban kyamara, a ina muryoyin za su kwana, wa ke riƙe da su? A yankin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci wannan tambaya ce ta rai.

Ban ce na'urar ba ta da amfani ba. Abubuwa uku take bayarwa. Ɗalibi ba ya jin kunyar ƴar tsana kamar yadda yake jin kunyar abokinsa. Ana iya maimaita magana ɗaya sau goma ba wanda ya gaji. Kuma kowane ɗalibi yana fuskantar matsala iri ɗaya, don haka ana iya auna su da mudu ɗaya. Masu cewa ai muna yin wasan kwaikwayo a aji su lura da wannan, domin abin da aka saba yi, a ɗauko ɗalibai biyu ɗaya ya ɗaura rawani ya yi muryar tsoho aji ya fashe da dariya, nishaɗi ne kawai. Amma abubuwan nan uku ana samun su ba da allo ba. A Jami'ar Sirakus ta jihar Niyok, Benjamin Dotger ya ɗauki dabarar Barrows ya kawo ta horon malamai: ana horar da mutane na gaske su zama iyaye, kowane da takardar da ke faɗa masa abin da zai ce da lokacin da zai ce shi, ɗalibi ya shiga ɗaki ya fuskance su.

Mu da muke da tashe da wasan kara na Damagaram, mu da muka tashi muna kallon Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne, yana fito da halin ma'aikaci da na talaka a talabijin, ba za a koya mana kwaikwayo ba. A maƙwabciyarmu Burkina Faso, Prosper Kompaoré ya kafa ƙungiyar wasansa tun 1978, kuma ta yi suna da irin wasan da Augusto Boal na Barazil ya shahara da shi, wanda ake tsayar da wasa a ce wa mai kallo ya shigo ya gwada tasa mafitar. A garin Difa akwai malaman da suka yi ritaya bayan shekara talatin a ƙauyuka, akwai iyaye mata na ƙungiyar AME, akwai tsofaffin shugabannin COGES. Waɗannan sun san yadda uba ke tsuke fuska, sun san kalmar da ke sa ya miƙe da wadda ke sa ya gyara zama. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga yadda abin zai kasance. A ware awa biyu a mako cikin jadawalin shekarar ƙarshe. Ɗalibai shida a ɗaki, da mai horarwa ɗaya, da baƙo ɗaya daga waje wanda zai zama uba ko uwa ko direkta. A rubuta wa baƙon takarda mai ɗauke da abin da zai fara faɗa, da kuma ainihin dalilinsa, wanda ba zai furta ba sai ɗalibi ya yi tambayar da ta dace. A ce dattijo ya shigo ya ce, "Mushe, sanar da kai na zo yi, ba shawara ba. Yarinyar nan ta gama lakwal." Mafi yawan ɗalibai abin da za su yi shi ne su jawo doka: "Baba, ai gwamnati ta fitar da doka ranar 5 ga Disambar 2017 ta kare yarinya ƴar makaranta, sai in kai maganar wurin sufeto." Dattijo ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To, mun ji," ya fita. Minti biyu, magana ta mutu.

Nan mai horarwa zai shigo. Ka shimfiɗa masa tabarma? Ka tambayi mutanen gida da gona? Ka tambaye shi me ya faru? Sai a dawo da dattijon a sake. A karo na biyu ɗalibi ya yi haƙuri ya ce, "Baba, na san ba ka yin abu ba dalili. Me ya sauya tun bara?" Sai ya ji cewa bashin man injin ban ruwa ne ya sha kan gidan bayan ambaliya ta cinye gona. Wata takardar kuma dalilin daban ne: in yarinya ta ci jarrabawa, kwalejin yana wani gari, ba mai riƙe ta, uban kuma yana tsoron hanya. Wata kuma matsin dangi ne, shi kansa ba ya so. Dalili uku, amsa uku, kuma babu ɗaya da barazanar sufeto ke warwarewa. A ƙasar da ƙididdigar UNICEF ta nuna kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin shekara 18, duk malamin ƙauye zai yi wannan zama, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Akwai sharuɗɗa. A yi shi da harshen da za a yi maganar a ƙauye. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, saboda haka ba sauran hujjar a ce sai da Faransanci ake horo, kuma a nan Difa dole Barbarci da Fulatanci su shigo. Kada a sa sunan mutum ko ƙauye na gaske a takardun. In an ɗauki murya da waya don ɗalibi ya ji kansa, a goge a gabansa. A tuna kuma cewa wasu ɗalibanmu su ma daga gudun hijira suka fito, don haka ba a kwaikwayon hari ko kisa, kuma wanda magana ta taɓa masa tabo yana da damar fita ba tare da an tambaye shi ba. Sannan a ba shi maki a cikin takardar kammala horo, domin duk mun san abin da ɗalibi ke yi wa darasin da ba ya cikin jarrabawa. Abin da za a kashe bai wuce kuɗin mota da ruwan sha na baƙon ba. Malaman da ke bakin aiki kuma, tarukan CAPED suna nan, ana iya cire awa ɗaya daga karanta takardu a yi wannan.

Maganar ba ta tsaya kan malaman firamare ba. Jami'ar Difa da aka kafa a 2014 tana yaye masana noma da muhalli. Gobe su ne za su zauna tsakanin manomi da makiyayi a kan burtali, su ne za su gaya wa mai tattasai cewa maganin ƙwarin da ya sayo ba shi da kyau, su ne za su faɗa wa shugaban aiki cewa alƙaluman rahotonsa ba su yi daidai da abin da ke gona ba. In jami'a na son ta yi bincike a kan ƴan tsanan kwamfuta masu jin Barbarci, madalla, aikinta ne, kuma takardun da muka rubuta da muryoyin dattawanmu su ne za su zama harsashin wannan aiki, da izininsu. Amma ɗaliban bana ba za su jira shi ba.

Ku kuma iyaye, da ku ake. Kuna ƙorafin cewa malaman yanzu ba su da ladabi, ba su iya magana da manya ba. Sau da yawa kuna da gaskiya. To ga dama. Ranar da aka nemi mai zama uba ko uwa a ɗakin gwaji, ku zo, ku yi musu irin fushin da kuka san ana yi, ku nuna musu inda suka yi rashin kunya tun suna inda gyara ba ya cutar da kowa. In ba a nema ba, ku tambaya a taron APE da na COGES: malamin da za ku turo mana, an taɓa sa shi ya gwada magana da uba? Shugabannin makarantun horo da masu tsara manhaja a Yamai su ji tambayar daga bakinku, domin daga bakinmu malamai ana ɗaukarta neman alawus ne.

Abin da nake nema ƙarami ne: awa biyu a mako, ɗaki ɗaya, tabarma, da dattijo ko dattijuwa mai gaskiya. Wanda ya ce ba za a iya ba, ya fito ya faɗa mana wanne ne babu a Difa. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu dace.